Ƙurajen da Inna Ta Ɓoye wa 'Yar Farinta

Ranar da Inna ta rasu matan Zango sun yi ta shigowa gidanmu, kuma duk da halin da nake ciki na lura da inda kowacce take fara dosa. Ina zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakin Inna, ni ce babba a 'ya'yanta, amma sai mace ta yi sallama ta wuce ni ta nufi gindin darbejiya inda Madam take zaune, ta durƙusa ta ce mata ya haƙuri, ta daɗe tana ba ta baki, sai a kan hanyar fita ta tuna da ni. Wata tsohuwa ma sai da ta tambayi matar ƙanena ko ni wace ce. Da aka ce mata ai 'yar fari ce, ta Daura, sai ta ce Allah sarki, ashe an girma. Ina da jika a lokacin.

Kowa da abin da ya tuna. Masu sayen mai suka ce an yi rashin mai gaskiyar awo. Wata ta ce Inna ce ta karɓi haihuwarta duka, wata ta ce ba ta taɓa jin muryarta a bayan katanga ba. Amma maganar da ta fi yawa ita ce, kai, Madam ta yi wa tsohuwar nan abin da ɗan cikinta ma sai haka. A gabana ake faɗa, ina amsawa da amin. Kishi na ji, kuma har yau da nake wannan rubutu bai gama sauka ba. Ina rubutawa ne don jikokin Inna su san wace ce kakarsu, amma ba zan iya ba da labarinta ba tare da wannan ba.

Madam 'yar ƙabilar Ibo ce, Kirista. Mijinta yana da shagon kayan gyaran babur a bakin tasha, kuma katanga ɗaya ce tsakanin gidan da suke haya da namu. Kusan sa'ata ce, na ɗan girme ta. Tana da suna, amma duk Zango Madam ake ce mata, Inna kuwa ta ce Madam tawa. Hausa a bakinta ta fi ta wasu 'yan gari.

Inna haifaffiyar garin Babban Mutum ce, kuma ta zo da kunyar mutanen da, cikakkiya, ba ragi. Ni ce 'yar farinta, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Ana yaye ni goggo, ƙanwar babanmu, ta ɗauke ni zuwa Daura, can na girma, can na yi aure, can na koyi ɗinki. A bakin Inna sunana ta Daura. In na zo na durƙusa gaisuwa, ƙwaryar da ke gabanta take amsa wa. In tana son in ci abinci sai ta ce wa iska, akwai tuwo a rufe, wanda bai ci ba shi ya so. Na san al'ada ce, na san ba ƙiyayya ba ce, goggo ta faɗa min tun ina ƙarama. Sanin haka bai taɓa hana ni jin ciwon abin ba.

Sana'arta man gyaɗa da ƙuliƙuli. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, hannuwanta kamar na manomi saboda matsar tunkuza. Ba ta iya zama haka kawai, ko hira ake yi sai ka gan ta tana ɓarar gyaɗa. Ba ta son a tsaya mata a kai tana suya, ba ta son mai yawan godiya, in ka cika yi mata na gode sai ta ce a'a, bashi na ba ka? Tana da kalma guda da take kashe kowace magana da ita. In an kawo mata tsegumi, in an tambaye ta abin da babanmu ya yi mata a zamaninsu, in tukunya ce ma yaro ya leƙa, sai ta ce a bar shi a rufe. Ƙannena suna kwaikwayonta a bayan idonta suna dariya.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a baƙi da yawa sun tsorata. Jita-jita ta yi yawa, ana ta jin abin da ke faruwa a wasu garuruwa, wasu suka ɗaure kaya suka tafi. Mijin Madam ya tafi kai kayan shago gida, ya bar ta da tsohon ciki kafin ya dawo ya ɗauke ta. Inna ta zagaya da kanta ta ɗauko mata akwati, ta shimfiɗa mata katifa a ɗakinta. Wani ɗan'uwan babanmu ya zo yana cewa bai dace ba, mutane za su yi magana. Inna tana daga cikin ɗaki, ko leƙowa ba ta yi ba, ta ce masa ita shari'ar da ta sani ta ce maƙwabci yana da haƙƙi, in an sauko da wata sabuwa jiya a zo a karanta mata. Bai sake zuwa da maganar ba. A ɗakin nan Madam ta haihu, Inna ta yi mata wankan jego da ganye kamar kowace 'yar gida, mijin ya dawo ya ga babu inda za su. Na yi alfahari da Inna a wannan, har yanzu ina yi. Sai dai ni haihuwata ta fari a ɗakin goggo na yi wanka, Inna ta aiko da man gyaɗa da kanwa.

Bayan wasu shekaru ciwon daji ya kama ta a mama na hagu. Ni ce ta ƙarshe da ta ji. Aka kai ta Zariya aka cire, aka yi mata gashi da na'urar nan da ake haska wurin da ita don a ƙone abin da ya rage. Na haɗa kayana zan bi su jinya, saƙo ya zo cewa ta Daura ta zauna da yaranta. Ƙanena da Madam suka tafi. Allah Ya ba ta lafiya, ta dawo ta ci gaba da suyarta fiye da shekara goma, har mutane suka manta.

Rabona ni a wannan jinya shi ne riga. Tun da aka yi aikin ni nake ɗinka mata riguna, ina sa soso mai laushi a ɓangaren hagu don kada a gane. Ban taɓa ɗora tef a jikinta ba. Tsohuwar riga ake aiko min a leda in bi awonta. Na auna matan Daura ba iyaka, amaren da ban san su ba suna ɗaga min hannu ina zagaya ƙirjinsu, amma uwata sai dai in auna rigarta a kan tebur. Duk da haka na san jikinta ta wannan hanya. In ta rame na sani, in ta yi ƙiba na sani.

Ta rigar ne na gane akwai matsala. Wata rana aka aiko da saƙo cewa in saki hammatar hagu, ɗinkin yana gogar ta. Na saki. Ba a daɗe ba aka ce in cire soson gaba ɗaya, wai zafi. Matar da ta yi shekaru ba ta yarda ko jikanta ya ga ƙirjin nan a shafe ba. Na juya rigar da aka aiko, sai na ga daga ciki akwai tabon mai, da wasu ɗige-ɗige masu duhu da wanki bai fitar ba. Washegari na hau motar Zango.

Matar ƙanena ta ce ita ba ta san komai ba, sai dai kullum da hantsi Madam tana shigowa su tura ƙofa. Na zagaya gidan Madam na same ta tana wanke-wanke. Ta yi ta kewaye-kewaye, daga baya ta faɗa. Tun kafin damina wasu tabbai suka fito a kan fatar da aka gasa, kusa da tabon aikin, baƙaƙe kamar inda aka buge. Ba ƙaiƙayi sosai, ba zafi da farko. Sun ɗauka makero ne suka sayo man shafawa a kemis. Suka koma man kaɗanya, suka koma garin bagaruwa. Sun je ƙaramin asibiti, aka duba aka ce tsohon wurin gashi ne, haka yake yi, aka ba su wani man. Sai ya yi kamar ya lafa, sai ya dawo da ƙananan ƙuraje a gefe, yanzu ɗaya yana ɗan tsatsar da jini.

Na tambaye ta tun kafin damina, ga shi an kai gero rumbu, me ya hana ta faɗa min. Ta ce Mama ce ta hana. Na ce mata Mamar wa? Na faɗi maganganu a tsakar gidan nan, na tuna mata cewa haya take yi, na ce ko an ce mata tsohuwar ba ta haihu ba ne. Ba ta rama ba, kuma wannan ya ƙara ƙona min rai. Ta ɗauraye hannu ta ce, "Yaya, ni ma na gaji da riƙe shi ni kaɗai. Ki yi mata faɗa ta je babban asibiti, ni ta fi ƙarfina."

A ranar na yi abin da ban taɓa yi ba, na tsaya a ƙofar ɗakin Inna na yi mata magana kai tsaye. Na ce ko dai ta shirya mu tafi Katsina, ko in zauna a gidan nan in bar ɗinkina da mijina har sai ta shirya. Ta juya wa bango fuska ta ce wa matar ƙanena a gaya wa mutanen Daura ba a yi mata tsawa a ɗakinta. Ta kwana biyu ba ta amsa gaisuwata ko ta hannun ƙwarya. Amma ta shirya, da sharaɗin likita mace ce za ta duba ta.

Muka samu likitar fata, matashiya mai haƙuri. Ta ce a shigo da 'yarta ta taimaka mata cire riga. Na miƙe. Inna ta kama hannun Madam. Aka ja labule, ni ina wannan gefen a kan kujera riƙe da takalman Inna da jakarta, ina jin likita tana tambaya yaushe ya fara, ya taɓa ruwa, yana girma ko yana nan yadda yake, Madam tana amsawa ɗaya bayan ɗaya. Da likitar ta fito sai ta dube ni ta ce, ke maƙwabciyarsu ce? Na ce e, daga Daura.

Ta yi mana bayani cewa fatar da aka gasa takan canja launi, kuma sau da yawa ba wani abu ba ne. Amma tabon da ya ƙi jin magani, yana yaɗuwa, a jikin wanda ya taɓa yin wannan ciwo, ba a yanke masa hukunci da ido. Sai an ɗan yanki fatar an kai gwaji. Aka yi mata allurar kashe zafi aka yanka kaɗan. Muka jira makonni. Sakamako ya fito cewa ba a ga daji ba, kumburi ne kawai. Ƙanena ya yi sadaka, Inna ta ce ai ta faɗa a bar shi a rufe. Likitar ce kaɗai ba ta saki fuska ba. Ta ce abin da takarda ta faɗa bai yi daidai da abin da idonta ya gani ba, mai yiwuwa an ɗebo daga gefen da ciwon bai kai ba. In ya ƙaru a dawo, za ta yanka a wani wurin, ta zurfafa.

Ya ƙaru. Shawo kan Inna a karo na biyu ya fi na farko wuya, kuma ba ni na shawo kanta ba, kun san wadda ta yi. Sakamako na biyu ya nuna daji ne, amma ba tsohon ne ya dawo ba. Wani ne dabam, na ƙananan hanyoyin jini da ke cikin fata, wanda jefi-jefi yakan fito bayan shekaru a wurin da aka yi gashi. Ƙanena ya hasala ya ce ashe maganin ne ya zama cuta. Inna ta ce masa ya yi shiru, wutar da ta ba ta shekarun da ta ga auren jikokinta ba za a zage ta a gabanta ba. Aka ce za a iya sake aiki a Zariya, babba, a cire fatar wurin duka, ko da yake ya riga ya yaɗu. Inna ta ce an yanka sau ɗaya, ya isa. Muka roƙa, liman ya roƙa, Madam ta yi kuka. Ta ce a mayar da ita gida gyaɗarta tana jira.

Daga nan sai wanki da ɗauri kullum, domin ƙurajen sun fashe sun zama gyambo. Madam ce mai yi. Ni nakan zo ranar Juma'a da auduga da bandeji da sababbin riguna masu faɗi marasa ɗinki a hammata, in ajiye a ƙofa.

Sai ga shi mahaifiyar Madam ta rasu a can garinsu, dole ta tafi, kuma jana'izarsu ba ta kwana ɗaya ba ce. Inna ta ce za ta riƙa yi da kanta. Hannunta na hagu ba ya ɗaguwa. Matar ƙanena ta gwada shiga aka koro ta, wai suruka. Kafin in zo ɗaurin ya kwana biyu ba a taɓa ba, ɗakin har ya fara wari. Na dafa ruwa na zuba gishiri, na ɗauki kwano na tsaya a bakin ƙofa. Inna tana zaune a ciki. Mun daɗe a haka har ruwan ya fara hucewa. Sai na ga ta jawo mayafinta ta lulluɓe kanta da fuskarta gaba ɗaya, ta jingina da bango, ta ce, "Madam, shigo ki tura ƙofar."

Ta san Madam tana can wata uwa duniya. Idonta ras, hankalinta ras. Na shiga na tura ƙofar, na ce to, Mama, yadda Madam take faɗa.

A ranar na fara ganin jikin uwata. Ba zan kwatanta ciwon ba, ita ba za ta so ba. Abin da zan faɗa shi ne ta fi rigarta ƙanƙanta. Na wanke, na ɗaure. Daga ƙarƙashin mayafin ta riƙa yi min hira, hirar da ban taɓa samu ba, ta Babban Mutum, ta rijiyar gidansu, ta yadda take tsoron jaki tana yarinya. Har dariya take yi. Ashe haka muryarta take in tana hira. Ina jin daɗi ina jin haushi a lokaci guda, domin na gane wannan Madam take samu kowace safiya, shekara da shekaru, ni kuwa aronsa aka ba ni. Da na gama ta ce Allah Ya yi miki albarka, Madam. Na ce amin.

Haka muka yi kullum har Madam ta dawo. Na sa rai, ba zan ce ban sa ba. Na ce ko yanzu da an riga an buɗe za a bar ni in ci gaba, ko a raba mana kwana. Da safen da aka ji motsin Madam a bayan katanga, matar ƙanena ta same ni ina dafa ruwan, tana sunkuyar da kai, ta ce Inna ta ce a gaya wa ta Daura ɗinkin mutane yana jiran ta. Na sauke tukunyar na bar musu ruwan. A motar Daura na yi kukan da ban yi ba ranar sakamako.

Inna ba ta daɗe ba bayan nan. Da hantsi ta cika, kanta a kan cinyar Madam, ƙanena yana yi mata kalmar shahada. Ina kan keken ɗinki aka bugo min waya. Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi, Ya ba ta maƙwabta a can irin yadda ta kasance wa nata a nan.

Da na iso ana shirin wanka. Tsofaffi biyu ne za su yi, suka ce a samu ta uku daga cikin gida mai zuba ruwa. Madam ta miƙe daga inda take, sai ɗaya tsohuwar ta dafa ta a hankali ta ce, yi haƙuri 'yar nan, wannan kam sai musulma. Madam ta koma ta zauna a dandamalin ƙofar. Na ratsa ta gefenta na shiga da butar, zanena har yana shafar kafaɗarta, kuma a cikin wannan baƙin cikin na ji wani sanyi a raina cewa yau dai ni ce a ciki ita a waje.

Aka saki labule. Tsohuwar ta kai hannu za ta ɗaga ɗaurin ƙarshe da ke ƙirjin Inna. Sai muka ji muryar Madam daga bayan labulen, a dishe, tana cewa, "Yaya, ku jiƙa audugar da ruwan ɗumi kafin ku ɗaga. Tana jin zafi in ta bushe."

Na riga na riƙe hannun tsohuwar kafin Madam ta rufe baki. Ba wanda ya koya min wannan, a jikin Inna na koya, safiyar farko da na ɗaga busasshiya na ji ta ja numfashi a ƙarƙashin mayafi.

Na ce, "Na sani, Madam."

Na taɓa ruwan da bayan hannuna na ji ya yi daidai, na zuba a hankali, muka jira audugar ta jiƙa.